Yadda Injiniya Ya Gyara Muryar Surukinsa

Shekara goma sha huɗu Mai Jita ya yi a ƙungiyar makaɗan surukinsa, kuma a cikinsu shekara goma sha ɗaya babu mahaluƙin da ya ji amon jitarsa. Shi dai yana can tsaye a gefen dandamali, ya sha baƙin tabarau, yana lanƙwasa baya yana cije leɓe, yatsu na ta gudu a kan tsirkiya. Duk sautin da ya fito daga sifika ya yi daɗi sai ya ɗauka nasa ne, ya gyaɗa wa 'yan kallo kai. In an tashi ya riƙa tare mutane a bakin ƙofa yana tambayar su ko sun ji abin da ya yi a waƙa ta uku. Su kuwa su ce sun ji, don a rabu lafiya.

Surukin nasa, wanda kowa ke kira Baba Mai Amo, mawaƙi ne na gaske. In ya buɗe baki, mai tafiya sai ya tsaya, mai ciniki ya manta abin da ya zo saye. Ya ba Mai Jita auren 'yarsa ta fari tun kafin ya saurari kiɗansa da kyau, kuma yakan ce da ya san haka da ya fara da sauraron.

Asiri ya tonu ne a wani ɗakin taro, ana tsakiyar wasa da rana tsaka. Mai Jita ya ja da baya zai yi wani salo, wayar jitarsa ta harɗe masa ƙafa, ya faɗi zaune. Da ya miƙe sai ya bi wayar da hannu don ya ga ko ta fita daga mazauninta. Ya bi ta, ya bi ta, har teburin Dogo, mutumin da ke kula da na'urar sautin ƙungiyar. Nan ya tarar da bakin wayar a ɗaure a ƙafar tebur, ɗauri mai kyau irin na hannun da ya saba. Dogo bai ɓoye masa komai ba. Ya ce umarnin Baba ne tun shekarar da aka haifi babbar jikarsa, kuma tun daga lokacin ba a sake jifan su da robar ruwa ba.

Da wani ne, da ya shige ɗaki ya yi wata guda bai leƙo ba. Mai Jita kuwa darasin da ya ɗauka daban ne. Ya koma gida ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki, don tela ce, ya tsaya a kanta ya sanar da ita cewa yau idonsa ya buɗe. Ashe wahalar banza ake sha a kan dandamali, mulkin gaba ɗaya yana hannun mai murɗa maɓalli. Shi ke raya makaɗi, shi ke kashe shi. Saboda haka ya bar kiɗa, zai zama mai ɗaukar sauti da shirya waƙoƙi.

Ba ta daina taka keken ba ta ce, "Baban yara, ka san abin da maɓallan nan suke yi kuwa?"

"Shekara goma sha huɗu ina ganin Dogo yana taɓa su."

"Shekara goma sha ɗaya ma kana ganin sa, ba ka ga ya ɗaure ka a tebur ba."

Ya ce ba ya magana da wanda bai san fasaha ba, ya fice.

Cikin mako biyu ya sayar da jitar, ya sayo tsohuwar na'urar haɗa sauti mai maɓallai talatin da biyu, shida daga ciki babu marfi. Ya haɗa da wata kwamfuta da ke tari kafin ta tashi, da makirufo ɗaya, da sifika biyu, da hedifon, wato abin nan da ake kifawa a kunnuwa. Ya kama shago tsakanin mai walda da mai aski, ya sa aka rubuta allo da jan fenti: BABBAN INJINIYAN SAUTI. Daga ranar ya daina amsa Mai Jita. Ko matarsa ta kira shi cin abinci da tsohon sunan sai ya yi kamar da wani ake.

Injiniya ya ji labarin cewa bangon manyan situdiyo haɗiye ƙara yake yi, don haka ya zagaye shagunan unguwa yana tattara kwalayen ƙwai, ya manne su daga ƙasa har rufi. Bai damu ya duba waɗanda ƙwai ya fashe a cikinsu ba. Ya toshe taga da bulo. Ya haramta fanka, wai iskarta na ɓata sauti. Ƙofa ce ta rage, sai ya jira matarsa ta tafi sayen yadi, ya ɗauko katifarsu ya buga ta a jikin ƙofar da ƙusa. Da ta dawo ta ga gado tsirara ta zo har shagon, ya bayyana mata cewa duk babban aiki yana son sadaukarwa. Ta ce ta gane, kuma tun da haka ne shi zai sadaukar da bayansa a kan siminti, ita za ta koma ɗakin yara.

Kwana uku da gama aikin, mai aski ya leƙo ya ja da baya yana toshe hanci. Ya tambaya ko gidan gasa burodi aka buɗe, ko kuwa wani abu ne ya mutu a rufi. Injiniya ya ce haka sababbin na'urori ke wari kafin su saba da wuri.

Duk da haka mai askin ne ya fara kawo masa aiki. Yana son 'yar tallar shagonsa ta rabin minti, wadda zai riƙa kunnawa a bakin ƙofa. Suka yini a kai. Da aka kunna, abin da ke fitowa ras shi ne kukan injin yankan ƙarfe na mai walda, don bangonsu ɗaya, muryar mai aski kuwa tana can ƙasa kamar ta wanda aka rufe a durom. Injiniya ya ce salo ne na zamani. Mai aski ya kunna ta kwana biyu, mai walda ya samu sababbin masu kawo aiki har uku, ya aiko wa Injiniya da lemo yana godiya. Bayan su wasu mata uku masu waƙar haɗin murya suka zo, bayan minti ashirin ɗayarsu ta sulale ƙasa saboda zafi. Injiniya ya bi su har titi yana cewa wannan shi ne alamar waƙa ta ratsa jiki.

Ana cikin haka muryar Baba Mai Amo ta fara dushewa. Likita ya duba ya ce wani tsiro ne a maƙogwaro, dole a yanke shi nan da kwana goma, kuma ba zai yi alkawari ba: murya tana iya dawowa, tana iya tafiya ke nan. Baba kuwa yana da waƙoƙi bakwai da ya ɗauki shekaru yana sassaƙa su a ransa, bai taɓa rera su a gaban jama'a ba, yana jiran lokacin da za su nuna. 'Ya'yansa suka yanke shawarar a kai shi wani situdiyo mai kyau a ɗauke su kafin wuƙa ta taɓa shi.

Da labarin ya iso kunnen Injiniya sai ya ƙi cin abinci. Ya zauna a tsakar gida yana magana da bango yadda matarsa za ta ji, wai an kashe shi shekara goma sha ɗaya bai ce komai ba, yanzu kuma za a binne shi. Suruki injiniya guda a cikin dangi, a tsallake shi a kai aiki wa bare, me mutane za su ce? A yini na biyu ta gaji, ta tafi wurin mahaifinta. Baba ya saurare ta. Maganar wayar nan tana ɗan cin sa a rai, ga kuma idon 'yarsa ya yi ja.

Ya ce, "Ki gaya masa na yarda, amma da sharaɗi. Ya danna abin ɗauka, sannan ya zauna a kan hannayensa."

Ranar ɗauka, layin gaba ɗaya ya yi tsit. Mai walda ya rufe injinsa tun safe ba tare da an roƙe shi ba, mai aski ya kashe rediyo, masu shaguna suka riƙa magana ƙasa-ƙasa. Baba ya iso da mai gangarsa, wani ƙaton mutum da sai ya karkata kafin ya shiga ƙofa, da mai sarewa, da Dogo. Injiniya ya ga taron da ya haɗu a waje bai iya jurewa ba, ya fita ya hau kan benci ya fara yi musu bayanin yadda sauti ke tafiya a cikin waya. Dogo ya yi amfani da wannan dama ya gyara tsayin makirufo, ya daidaita maɓallai huɗu, ya mayar da sauran ashirin da takwas inda ba za su yi ɓarna ba. Da Injiniya ya dawo ya kore shi waje, wai sana'a tana da sirri.

Aka rufe ƙofa. Baba ya shaƙi iskar ɗakin sau ɗaya ya dubi kwalayen.

"Kai, a nan kake ajiye gawar waƙoƙin da ka kashe?"

Injiniya ya yi dariyar girmamawa, ya kifa hedifon, ya ɗaga yatsa. Ganga ta shiga, sarewa ta biyo, Baba ya ja baitin farko. Bai kai ƙarshensa ba Injiniya ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Baba, ka yi haƙuri, numfashinka yana shiga na'ura."

"To in daina?"

Aka sake. A baiti na biyu ya sake tsayar da su, ya ce yana jin wani zuuu a ƙarƙashin kiɗan. Ya zargi sarewa, aka girgiza ta. Ya zargi cikin mai ganga, mai ganga ya dube shi, ya janye zargin. Ya shiga ƙarƙashin tebur yana cire wayoyi yana mayarwa, ya kashe kwamfuta ya jira ta gama tarinta. Rabin awa ana wannan, gumi ya jiƙa kowa har ƙafa, tsoho mai ciwon maƙogwaro yana zaune yana haɗiyar warin ƙwai. Daga ƙarshe Injiniya ya cire hedifon don ya share gumi, wani ƙaton ƙuda ya fito daga ciki ya yi sama.

Baba ya kalli mai ganga. Mai ganga ya jawo kujerarsa kusa da Injiniya, ya danna abin ɗauka da kansa, ya nuna masa hannayensa, ya nuna masa kujera. Injiniya ya zauna a kansu.

Sai Baba ya yi waƙa. Muryar ta ɗan dushe, amma dushewar kamar ta ƙara mata nauyi ne. Ya rera ta farko ya shiga ta biyu bai sha ruwa ba. Akwai wadda ya yi wa matarsa da ta rasu, akwai ta tsufa, akwai wata ta ban dariya a kan gwiwoyinsa. Mai sarewa ya riƙa rufe ido, mai ganga yana kiɗa yana goge fuska da kafaɗa. Shi kansa Injiniya ya manta da zafi, ya manta hannayensa sun mutu a ƙarƙashinsa, ya saki baki. A can bayan bango mai walda yana zaune a kan bokiti ya jingina kunne, kuma da aka tambaye shi daga baya ya ce tartsatsin walda ne ya ɓata masa ido. A ƙarshen waƙa ta bakwai muryar ta tsinke. Baba ya fito yana raɗa, 'yarsa ta kama shi ta sa a mota.

Bayan kwana biyu aka yi aikin. Likita ya ce an cire tsiron lafiya, amma mako uku kada Baba ya furta ko kalma ɗaya, sai bayan nan za a san abin da ya rage. Aka saya masa ɗan littafi da biro.

Injiniya ya shiga shagonsa ya kunna abin da aka ɗauka. Ya yi kyau. Ya sake kunnawa, ya ƙara kyau. A karo na uku kyawun ya fara damun sa, don duk inda ya kasa kunne bai ji hannunsa ba. Kowa ya saurara zai ce Baba ya yi waƙa, mai ganga ya yi kiɗa. Wa zai ce Injiniya? Abin da aka yi masa a kan dandamali ke nan za a sake yi masa a cikin shagonsa.

Ya fara da 'yar amsa-kuwwa kaɗan. Ta yi masa daɗi ya ƙara, har kowace kalma ta riƙa dawowa sau biyar. Ya gano wata manhaja mai daidaita murya, ya ja ta har ƙarshe. Ya lura waƙoƙin suna tafiyar tsofaffi, alhali samarin yanzu gudu suke so, sai ya ƙara musu sauri, muryar ta yi sama ta sirance. Ya bi numfashin Baba ɗaya bayan ɗaya ya yanke, tun da dai ya faɗa ba a saurare shi ba. A yini na biyar ya ari jita. Akwai kiɗan shekara goma sha ɗaya da duniya ba ta ji ba, ya zuba shi duka, har a kan waƙar marigayiya. Sannan ya tsaya gaban makirufo ya ɗauki muryarsa yana cewa, "Injiniya ne a kan maɓalli," ya dasa ta a farkon kowace waƙa, da tsakiya, da duk inda ya ga wuri ya yi shiru da yawa.

Kwamfutar ta cika ta fara gardama. Ta fito da wani rubutu da akwati biyu, na amincewa da na ƙi. Mai aski, wanda ya leƙo don babu kowa a kujerarsa, ya karanta ya ce kamar tana tambaya ne ko a shafe na asali a ɗora sabon a kansa, kuma shi a ganinsa gara a ajiye na asalin a wani wuri.

Injiniya ya juyo da kujera. "Kai kana ajiye gashin da ka aske?"

Mai aski ya ce a'a. Injiniya ya danna amincewa, sau bakwai. Da ya ga har yanzu wuri bai isa ba, ya bi sauran tarkacen ranar ɗauka ya share su tas don jita ta samu masauki.

Matarsa ta nemi ta ji ko waƙa ɗaya, ya ce ba a buɗe tukunya kafin ta dahu. Dogo ya zo sau biyu, ya tarar da shi a bakin ƙofa ya tokare ta da ƙafa. Kowa ya tambaya sai ya ce su dai shirya kunnuwansu, abin da zai fito ko Baba ba zai gane kansa ba.

'Ya'yan Baba suka kama ɗakin taro wata ranar hutu da yamma, saura kwana biyu mako ukun likita ya cika, don tsohon ya ƙosa ya ji. Wuri ya cika da tsofaffin masoyansa, wasu da sanda, wasu an riƙo su. Mai walda da mai aski suna layi na biyu. Har likitan an gayyata, ya zauna a gaba. Baba yana tsakiya da mayafi a wuya, littafinsa a cinya, 'yarsa, matar Injiniya, a gefensa don ta karanta wa mutane abin da ya rubuta.

Injiniya ya hau dandamali cikin kwat da tabarau. Ya yi minti ashirin yana bayanin yadda ya tarar da muryar a kwance ya ɗaga ta, da yadda mawaƙi ke kawo ɗanyen kaya injiniya ya mayar da shi abin ci. Baba ya yi rubutu ya miƙa. 'Yarsa ta tashi ta ce Baba ya ce a kunna. Injiniya ya ce saura kaɗan, bai yi maganar maɓallai ba tukuna. Baba ya sake rubutu, ta karanta a zuci, ta ce wannan ma a kunna yake nufi.

Ya danna.

"Injiniya ne a kan maɓalli, maɓalli, maɓalli, maɓalli," in ji sifika. Sai jita ta shigo kamar ana jan kwanon rufi a kan titi, ta yi minti guda cur. Bayanta wata 'yar murya ta leƙo, siririya, tana gudu ba numfashi, kamar ɗan tsako ya faɗa cikin tulu yana neman agaji.

Mutane suka dubi juna. Wata tsohuwa a baya ta tambaya da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi, jikar wa ce wannan, kuma yaushe za a sa na Baba. Likita ya karkato ya tambayi 'yar Baba a hankali ko kafin aikinsa aka ɗauki wannan ko bayansa, don yana son ya san matsayinsa. Mai aski ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa. Daga can wani ya kasa riƙewa, dariya ta ƙwace masa, ta bi layi-layi kamar wuta a busasshiyar ciyawa. A kan dandamali Injiniya ya rufe ido yana lanƙwasa baya, yana kaɗa jitar da babu ita a hannunsa.

Da aka shiga waƙar marigayiya, tsakon ya kira sunan soyayyar da Baba ke kiran matarsa da shi, sifika ta amsa da Injiniya ne a kan maɓalli. Dariya ta ɗauke. Baba ya yi rubutu har biro ya huda takarda. 'Yarsa ba ta ma duba ba ta ce a kashe. Injiniya ya buɗe ido ya ga fuskoki, ya ruɗe, ya murɗa wani maɓalli, ƙara ta ninka, sifika ta saki wani ihu da ya sa masu sanda suka toshe kunne. Ya murɗa wani, tsakon ya zama biyu. Mai walda ne ya taka zuwa bango ya kashe wutar ɗakin gaba ɗaya.

Cikin shirun, Baba ya rubuta kalma uku. 'Yarsa ta karanta: "Ina na asali?"

Injiniya ya gyara kwat. Ya fara bayanin cewa a sana'ar zamani abin da ake kira asali yana da ma'anoni da yawa. Ya shiga maganar girman kwamfuta da ƙarancin wuri. Yana cikin kewaye-kewaye mai aski ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta ya ce shi dai a gabansa aka aske shi, sau bakwai.

Matar Injiniya ta juyo gaba ɗaya. Ta ce, "Baban yara, muryar babana ce fa. Wataƙila ita ke nan."

A nan ne ya kamata ya yi shiru. Sai ya dubi surukinsa da fuskar mai ba da shawara ya ce, "Baba, in za a faɗi gaskiya, muryar ta riga ta tsufa. Abin da na yi taimako ne."

Baba Mai Amo ya miƙe. Littafin ya faɗi ƙasa. Likita ya ɗaga hannu yana girgiza kai, amma ya makara.

"Kai!"

Gilashin tagogi sai da ya amsa. Tabarau ɗin Injiniya ya zamo har kan hanci. Babu wanda ya motsa, shi kansa Baba ya tsaya ya kai hannu wuyansa yana shafawa kamar wanda ya tsinci abin da ya fitar da rai da shi. Ya gwada kuma, a hankali, ya ce shashasha. Ta fito cikakkiya. Ya ce sakarai, ya ja ta da tsawo, ta yi sama ta sauko lafiya. Likita ya ce madalla, amma don Allah ya isa haka na yau. Baba ya ce masa ya zauna, mako uku yana tara magana.

Ya juya ga surukinsa ya fara daga wayar da aka ɗaure a tebur, ya ce kuskurensa ɗaya da bai sa an ɗaure mai wayar ba. Ya bi ta kan kwalayen ƙwai, da ƙuda, da numfashin da aka ce ya daina. Mai ganga bai zo da ganga ba, amma hannunsa ya fara taɓa bayan kujera shi kaɗai, kuma mutumin da ya yi shekara hamsin yana waƙa ba ya iya jin kiɗa ya yi magana a miƙe. Zagin ya hau kan kiɗan ya zauna daram.

"Mai maɓalli, mijin 'yata,
Na ba ka sa, ka maido tsako.
Kunne biyu aka yi maka,
Ɗaya na ado, ɗaya na riƙe tabarau."

Kafin ya zagayo sau uku ɗakin gaba ɗaya ya karɓi amshi. Wayoyin hannu suka yi sama. Tsohuwar nan ta baya ta ce yauwa, ga na Baba nan an sa. Matar Injiniya tana kuka tana dariya, ta share hawaye da gefen mayafi, ta dubi mijinta ido cikin ido, ta shiga tafi. Shi kuwa yana tsaye a kan dandamali ba hanyar sauka, don mai ganga ya ajiye kujerarsa a bakin matakala. Baiti goma sha biyu Baba ya yi a kansa, babu wanda ya maimaita.

Bayan wata guda aka sake ɗaukar waƙoƙin nan bakwai a situdiyon da aka so zuwa tun farko, Dogo na zaune kusa da masu wurin, an kuma bar wa mai gadi kwatancen mutum ɗaya da ba za a bari ya shiga ba. Sun yi kyau, duk da mai ganga ya ce waƙar marigayiya ba ta kai yadda ta fito a ɗakin ƙwai ba, kuma ba za ta sake kaiwa ba. Wannan maganar ce ta sa matar Injiniya ta yi wata biyu tana ajiye masa abinci ba tare da ta dube shi ba.

Amma wadda ta fi bazuwa ita ce ta takwas, wadda aka ɗauka da wayoyi. Masu mota suna sa ta, mata suna wanki da ita, in mai shago ya ba ka kaya marar kyau sai ka ce masa ka ba shi sa. Injiniya ya yi kwana huɗu a gida, a na biyar ya fito da tabarau ɗinsa. Ya gaya wa mai aski cewa duk tsari ne. Likita ya yi yanka, amma wa ya fito da muryar? Kuma a duk waƙoƙin Baba na shekara hamsin, wacce ta yi irin wannan tashe, in ba wadda shi ya shirya ba?

Wata safiya yana zuwa buɗe shago ya ji mai walda yana dukan ƙarfe da guduma a kan kiɗan, yana rerawa, na ba ka sa, ka maido kaza. Injiniya ya tsaya, ya dawo da baya, ya jira har mutumin ya ɗago.

Ya ce, "Tsako ne, ba kaza ba. In za ku rera aikina, ku rera shi daidai."

Mai walda ya ba shi haƙuri, ya sake ɗaukar baitin daga farko. Injiniya ya tsaya ya kasa kunne har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya wuce.